Ba A Faɗa Wa Mutum A Kan Ruwa

Litinin, bayan la'asar. Kwana 18 da tafiyar jirgi.

Shekara uku da wata takwas ke nan tun safiyar Juma'ar da dutsen Kelud mai aman wuta ya zubo mana toka, muka tashi muka tarar da kwale-kwalenmu sun yi fari fat. A makon ne ɗana Darmaji ya fara shiga jirgin sojan ruwa mai tafiya a ƙarƙashin teku, shi ya sa nake lissafi daga nan. Ni Kasmuri ban yi makaranta ba. Darmaji ne ya koya mini haruffa a bayan kalanda ina da furfura, yana dariyar yadda nake riƙe biro kamar zan ɗinke koma. Wanda ya tsinci littafin nan ya ga rubutun a karkace, ya rufe ya ajiye, ba shi na rubuta wa ba.

Da can ba na bukatar takarda. Abin da ya dame ni matata Tumirah nake gaya wa tana tsince shinkafa, ta ce to, shi ke nan ya wuce. Yau aka yi addu'ar uku.

Mutane sun cika gida har bakin hanya. Wiwik, matar Darmaji, ita ta tsaya kan girki da raba kwandunan sadaka, tun ranar Asabar ban ga ta zauna ba. Ni dai ina inda aka zaunar da ni, ana miƙo hannu ina miƙawa. Sau goma sha ɗaya aka tambaye ni ko an sanar da Darmaji. Na ce yana kan ruwa. 'Yan garinmu da sun ji haka sai su gyaɗa kai su yi shiru. Baƙi ne kawai suke ƙara tambaya.

Takalman Tumirah suna bakin ƙofa. Wani ya taka ɗaya ya kife, na tashi na gyara.

Laraba, hantsi. Kwana 20.

Jirginsu in ya nutse ya nutse. Ba waya, ba wasiƙa, ba sa magana da kowa don kada a ji inda suke. Amma ana iya aika musu. Kowace Laraba barikin sojan ruwa yana karɓar kalma talatin daga gidan kowane mutum, a tura ta iska, jirgin ya tsinta in ya matso sama. Amsa kuwa babu. Mun raba tun tafiyarsa ta farko: goma sha biyar na Wiwik, goma sha biyar namu ni da Tumirah. Namu a baki ne kawai. Ita take cinye su duka, in wuri ya rage a ce Pak, wato ni ubansa, ma yana gaisuwa.

Yau Wiwik ta zauna da takarda, ta rubuta nata, ta ɗago tana kallona. Na ce ta rubuta da sunan uwarsa, wadda yake kira Mak: Mak tana gaishe ka, ta ce ka ci abinci, kada ka kwanta da jiƙaƙƙen kai.

Ta ajiye biron.

"Pak, wannan ba zan iya rubutawa ba."

"Hannunki ne ke ciwo, Nduk, 'yata?"

Ta ce uwarsa ce, haƙƙinsa ne ya sani, ko addu'a ya yi mata tun ƙasar ba ta bushe ba. Ta fara wata magana kuma, ban bar ta ta gama ba. Na ce ita 'yar birni ce, shekararta shida kawai a garin nan, ba ta san abin da ruwa yake yi wa mutum ba. Ta share ido da gefen ɗankwali ta rubuta, ta hau babur ta kai.

A garin nan ba a faɗa wa mutum mutuwa yana kan ruwa. Ina saurayi aka yi ta Wagiman. 'Yarsa ta faɗa rijiya yana wurin kamun kifi, wani ɗan'uwansa mai gaggawa ya bi shi ya ƙwala masa daga nesa. Wagiman ya ga kwale-kwalen ba ya sauri, ya yi tsalle wai zai yi iyo. Ana hango rufin gidansa daga wurin. Bayan kwana biyu aka kwantar da shi kusa da ita.

Tun daga ranar ake da mai tsayuwar gaɓa. Mbah Sentot ya yi, Mbah muke ce wa tsoho, da ƙafafunsa suka gaza ya ba ni, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ana mayar da mata bayan rumfunan shanyar kifi, ba kuka, ba taro. Ni kaɗai nake sauka, in kama igiya, in tambayi mutum yaya kamu, in taya shi ja. Sai ƙafafunsa biyu sun tsaya a busasshen rairayi, ya sha ruwa, sannan in faɗi suna, da rana, da wanda ya yi wanka, da inda aka kwantar. Mutum arba'in da bakwai na yi wa haka. Zan iya jera su yanzu, da ranakunsu, da abin da kowa ya fara cewa. Ko ɗaya bai koma ruwa ba.

Ɗana ba za a yi masa ihu daga nesa ba. An ce kwana arba'in da biyar za su yi. Zai dawo kafin arba'in ɗinta, in gaya masa da bakina.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci. Kwana 22.

An yi addu'ar bakwai. Da mutane suka watse Sarpan ya tsaya, abokina tun muna yawo ba wando, mai ido ɗaya da baki goma. Ya zauna kan kujerar Tumirah, na ce ya tashi ya koma kan ɗaya. Ya koma. Ya kunna tabarsa mai kanumfari ya ce ya ji abin da na sa yarinya ta rubuta. Ashe har ya ji. A garin nan ko tari ka yi a cikin tulu sai Sarpan ya ji.

"Kai sarkin gaɓa, ɗanka a cikin gwangwanin kifi yake, an rufe da murfi. Ta ina zai yi tsallen?"

Na ce abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Wagiman dai ya sami inda zai faɗa. Wanda aka gaya wa yana cikin ƙarfe, ba taga, ba ƙofa, saura wata guda, ina zai kai abin? Sarpan ya ce yaron nan ba yaro ba ne, shekararsa talatin da huɗu, yana da igiya uku a hannu, gwamnati ta yarda da hankalinsa, ni ne kawai ban yarda ba. Na ce gwamnati ba ta taɓa kama igiyar kowa ba. Ya ce da Tumirah ce ke zaune ni ne a kwance, da tuni ta sa an faɗa.

Na ce ya ajiye mini kofina ya tafi gidansu. Ya shanye shayin tukuna, ya ɗauki soyayyen rogo biyu ya sa a aljihu.

Lahadi, bayan asuba. Kwana 24.

Na zuba shayi kofi biyu. Na shanye duka don kada Wiwik ta gani.

Laraba, hantsi. Kwana 27.

Na ce ta rubuta, Mak ta ce mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya, ta ajiye maka naka. Mangwaron ya yi 'ya'ya. Wannan rabin ba ƙarya ba ne.

Wiwik ba ta yi gardama ba yau. Na ci shinkafa da kifi har da ƙari.

Asabar, azahar. Kwana 30.

Ban fita ba, gwiwa. Ina kwance ina tuna abin da yake ba mu labari in ya dawo, Tumirah tana cewa ya yi shiru ya ci abinci, alhali ita ta fi kowa tambaya.

Gado ɗaya mutum biyu. In ka sauko daga aiki ka kwanta, ɗumin wanda ya tashi yana nan. Sababbi ma a ɗakin gaba suke kwana, a gefen makaman nan masu kama da gungumen itacen kwakwa, wai sun fi ko'ina sanyi. Wanka sau ɗaya a mako, da ruwan da bai kai a wanke tukunya ba. Ganye da 'ya'yan itace kwana goma sun ƙare, daga nan sai gwangwani da taliya. Ba rana ba wata. In an kunna jar fitila sai a ce dare ya yi, kowa ya yarda. In za su yi salla sai su tambayi mai tuƙi ina alƙibla, ya nuna musu, kafin raka'a ta biyu jirgin ya juya. In ya dawo kayansa warin man inji da soyayyar albasa da zufar mutum hamsin suke yi. Sau uku take wanke su da lemon tsami, tana zagin jirgin da wanda ya ƙera shi.

Aikinsa sauraro ne. Yana zama da abin ji a kunne awa shida, yana jin duk abin da ke motsi a cikin ruwa. Ya ce jatan lande ƙararsu kamar ana suya. Yana gane jirgin kaya daga jirgin yaƙi, yana gane namu na masunta, wani lokaci ya ce a ransa ko Pak ne. Ni na fara koya masa, yana ɗan shekara bakwai na nutsa filafili a ruwa na sa ƙarshensa a kunnensa, ya zaro ido.

To mutumin da ran mutum hamsin yake a kunnensa, a cika masa kai da kuka? Wannan ne Sarpan bai gane ba. Ba a faɗa wa mutum a kan ruwa.

Laraba, hantsi. Kwana 34.

Mak ta ce ruwan sama ya fara, ka sa riga mai kauri. Bayan Wiwik ta tafi na tuna ba ruwan sama a inda yake.

Alhamis, la'asar. Kwana 35.

Na je kabarin Tumirah. Ƙasar ta fara zama. Na gaya mata abin da take ta faɗa wa ɗanta. Ba ta ce to ba.

Laraba, hantsi. Kwana 41.

Saƙo na huɗu. Saura kwana huɗu su dawo. Na ba da farar rigata a wanke.

Asabar, bayan magariba. Kwana 44.

Wiwik ta dawo daga taron matan 'yan jirgin fuskarta ba daɗi. Ba za su dawo gobe ba. An ƙara musu kwanaki, ba a ce nawa ba, ba a ce don me ba. Wata ta ce wani abu ne a can arewa, wata ta ce inji ne, wata ta ce an ce kada kowa ya ce komai. Abin da suka haɗu a kai shi ne jirgin ya fito sama sau ɗaya, an sauke mutum guda mara lafiya, wani jirgi ya ɗauke shi. Ba su san wane ne ba.

Saura kwana goma sha ɗaya arba'in ɗinta. Na ce jibi zan je barikin da kaina. Wiwik ta ce in bari ita ta je, ta ce gwiwata, ta ce ba a barin kowa shiga, ta ce ranar Litinin ba su da lokaci. Dalili uku a numfashi ɗaya. Ban san ta da haka ba.

Litinin, bayan la'asar. Kwana 46.

Na je.

Mota biyu na hau. A ƙofa suka tsayar da ni awa guda, sannan aka kai ni wurin mai kula da iyalai, Laftanar Latumahina, dogo baƙi, mutumin Ambon. Ya miƙe tsaye da na shiga, ya sa aka kawo shayi. Ya ce wanda aka sauke ba Darmaji ba ne, wani kofur ne ciwon ciki ya kama, an yi masa aiki yana samun sauƙi. Ranar dawowa ya ce shi ma bai sani ba, kuma ko ya sani ba zai iya faɗa ba. Na yarda da shi, fuskarsa ta mai gaskiya ce.

Sai na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ranar da jirgin zai iso a bar ni in tsaya a inda suke saukowa, ni kaɗai, kafin matarsa, kafin kowa. Na yi masa bayanin yadda muke yi. Na ce siminti ba rairayi ba ne amma busasshe ne, zai yi. Ya saurare ni har ƙarshe yana juya biro a hannu. Sannan ya ja wata takarda daga cikin aljihun tebur ya riƙe bai miƙo ba.

"Pak Kasmuri, ai Saje Darmaji ya sani."

Na ce ya sani me.

Ya ce kafin kowace tafiya kowa yana cika takarda: in wani naka ya rasu kana can, a gaya maka, ko a bari sai ka dawo. Wasu suna cewa a bari. Darmaji ya ce a gaya masa. Ya juyo takardar ya nuna mini, na gane rubutun, ai shi ya koya mini nawa. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, cewa mahaifiyarsa tana tari wata biyu, in ita ce kada a jinkirta ko kwana ɗaya. Wiwik ta zo washegarin addu'ar uku ta faɗa. A ranar aka tura wa kyaftin.

Washegarin addu'ar uku. Talata ke nan. Laraba ni kuma na ce kada ya kwanta da jiƙaƙƙen kai.

Na tambaye shi ko saƙonnina sun tafi. Ya ce duka huɗun. Ya ce da ya ga na farko ya kira Wiwik ya tambaye ta ko kuskure ne, ta ce ba kuskure ba ne, a tura. Ya ce shi ba shi da ikon taɓa kalmar iyali.

Ya raka ni har ƙofa ya tsayar mini da mota. Ban sha shayin ba.

Talata, azahar. Kwana 47.

Wiwik ta ajiye abinci a bakin ƙofa. Kaji sun ci.

Laraba, hantsi. Kwana 48.

Ta zo da takarda da biro kamar kullum, ta durƙusa a nesa. Na ce ba ni da kalma ko ɗaya, ta je ta rubuta abin da suke rubutawa ita da mijinta a bayan idona. Na ce ta mayar da ni abin dariya a cikin teku, mutum hamsin suna karanta ƙaryar tsoho. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Ba ta yi kuka ba wannan karon.

"Ya sa ni na rantse masa kafin ya tafi, Pak. Kai kuma ka sa ni na rubuta. Ni ɗaya ce."

Na ce me ya hana ta faɗa mini. Ta ce ta fara, ranar Larabar farko, na ce ita 'yar birni ce. Na ce to bayan nan fa, mako huɗu. Sai ta ce:

"Na ga ranar Laraba ce kawai kake cin abinci."

Ta tashi ta kai nata goma sha biyar ɗin. Namu wurin ya tafi wayam.

Alhamis, la'asar. Kwana 49.

Sarpan ya zo ya zauna bai ce komai ba. Tun da muke ban taɓa ganin haka ba. Da zai tafi ya ajiye mini taba ɗaya.

Asabar, bayan azahar. Kwana 51.

Wani baƙo ya zo yana tafiya a hankali, hannunsa dafe da gefen ciki. Ya ce sunansa Gede, mutumin Bali, shi ne kofur ɗin da aka sauke. Jiya aka sallame shi daga asibiti. Ya ce aikinsu ɗaya da Darmaji, gadonsu ma ɗaya. Ya ce bakinsa a ɗaure yake kan inda suka je da abin da suke yi, amma wannan saƙon gida ne, ya nemi izini an ba shi. Wiwik ta kawo shayi ta tsaya a bayan labule. Na ce ta shigo ta zauna, ai mijinta ne.

Ya ce kyaftin ne ya kira Darmaji ɗakinsa ya gaya masa. Ya fito ya je wurin mai dafa abinci, wanda yake ja musu salla, ya roƙe shi a yi mata sallar gawa daga nesa. Mutum goma sha tara suka tsaya a ɗakin gaba tsakanin makaman, bibbiyu don ba wuri, kabbara ma a raɗa, domin a lokacin an hana kowa yin ƙara. Gede ba musulmi ba ne, sai ya karɓi abin ji ya zauna a kujerar Darmaji. Ya ce ya yi niyyar riƙe masa aikin har gobe, amma ana idar da salla sai ga hannu a kafaɗarsa. Darmaji ya karɓi abinsa ya zauna ya cika awanninsa.

Na tambaya ko ya yi wani abu, ko ya nemi fita, ko an riƙe shi. Gede ya yi mamakin tambayar. Ya ce kwana uku dai bai taɓa abinci ba, kuma in ya zo kwanciya yana tarar da filon a jiƙe.

Da saƙona na farko ya iso, mai karɓar saƙo ya rasa yadda zai yi, ya kai wa kyaftin, kyaftin ya ce nasa ne a ba shi. Gede yana wurin. Ya ce Darmaji ya karanta sau biyu, sai ya yi dariya, dariya ta gaske, ya ce wannan ba Mak ba ce, Mak ba ta taɓa farawa da gaisuwa ba, da faɗa take farawa. Ya ce Pak ne. Sai ya hau gado ya ja labule. Duka huɗun suna cikin hularsa. Bai nuna wa kowa ba sai Gede.

"Da za a ɗaga ni sama ya riƙe hannuna, Mbah. Ya ce, ka gaya wa Pak na sani, kuma kada ya daina. Har mu dawo, Mak ta ci gaba da aiko mini."

Na tambaye shi yaushe aka sauke shi. Ya faɗa. Kafin Larabar da ta wuce ne.

Wiwik ta cika masa leda da mangwaro.

Lahadi, bayan asuba. Kwana 52.

Darmaji ya miƙa hannu ranar Laraba aka ba shi rabin takarda.

Talata, bayan la'asar. Kwana 54.

Gobe arba'in. Mata sun fara zuwa da tukwane, ana kankare kwakwa, ana yanka tempe na waken soya. Jirgin bai dawo ba, ba wanda ya san rana.

Kwana biyu ina zaune a gindin mangwaro ina juya abin. Zan aika, amma ba zan ƙara ƙirƙira mata magana ba. Na gwada sau huɗu, yaron ya kama ni tun a ta farko, har na sa masa ruwan sama a ƙarƙashin teku. Kuma ba bukata. Shekara arba'in da huɗu matar nan tana magana a kusa da kunnena, kuma ni ba na mantuwa. Na zauna na tsinto abin da ta faɗa a kansa ba ya nan, wanda bai taɓa ji ba. Da yawa. Ranar da aka yi masa kaciya, ranar da ya faɗi jarrabawa, ranar da ya kawo Wiwik gida. In sun ƙara musu shekara guda ina da abin aikawa.

Na zaɓi ta ranar da ya fara tafiya aikin soja. Mun raka shi bakin gada, ba ta yi masa kuka ba, faɗa ta yi masa kan bai ɗaure jaka da kyau ba. Da motar ta ɓace ta tsaya tana gyara zani, ta yi maganar ba tare da ta kalle ni ba. Na kira Wiwik na ce ta rubuta:

Taurin kai kamar ubansa, amma in ya shigo gida ko ban ci ba na ƙoshi.

Ta ƙirga da bakin biro, goma sha biyar cif. Ta ce amma bai san yaushe ta faɗa ba, in karɓi nata na wannan makon. Na ce ba na so. Ta ce ba tambayata ta yi ba. To, na ce ta ƙara:

Mak ta faɗi wannan ranar da ka fara tafiya, a bakin gada. Yau arba'in ɗinta.

Hannunta ya tsaya a kan kalmar ƙarshe, don ban taɓa faɗin haka a gabanta ba. Sai ta tambaya ko ba zan ce masa ya yi haƙuri ba. Na ce ta ƙirga da kanta, wuri ya ƙare. Ta yi murmushi tana jan hanci, ta kawo mini shinkafa. Na ci, ko da yake yau Talata.

Gobe da na idar da asuba zan sa farar rigar, in hau motar farko kafin mata su hura wuta. Ba Wiwik ce za ta kai ba, tana da girki. Zan karanta wa Laftanar da bakina, in tsaya a kansa sai na ga ya tura, in sha shayinsa, in dawo kafin a shimfiɗa tabarmi.